Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Ciwon Suga Da Iyalinmu

 Yau ba farashin bajimi ko kuɗin duwan za mu tattauna ba. Maganarmu kan ciwon suga ce, wanda ya yi mana shigar sauri, musamman mu da muka ba hamsin baya. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke da shi a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. To amma akwai waɗanda likita ya riga ya gaya wa, suka ninke takardar awo suka jefa aljihu, matan gida ba su da labari. Ra'ayinmu shi ne, wannan ɓoyo ganganci ne da rai.

Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa bai halatta a sayar da dabba a ɓoye aibinta ba. In saniya na ɗingishi, sai mu faɗa wa mai saye, ko da baƙo ne da ba za mu sake gani ba. Ashe wadda ke dafa mana abinci shekara talatin ba ta fi baƙon kara cancantar jin gaskiya ba?

Ku duba, jama'a, ludayi ba a hannunmu yake ba. Likita zai ce a rage sukari, a rage tulin tuwo da shinkafa, a yawaita ganye da wake, a ci abinci kan lokaci. Maigida ya ji, amma ba shi ke dama fura ba. In kuwa mata biyu ne ko uku, kowacce ranar girkinta tana son ta burge: nan kunu mai zaƙi, can lemo mai sanyi, ga shayi zagaye uku. Ba mugunta suke yi ba, ƙauna ce da rashin sani. Saboda haka gaya wa uwargida kaɗai bai isa ba, dole amarya ma ta ji, kuma daga bakin likita.

Na biyu, akwai ranar da ran mutum ke hannun matarsa. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin, in ya sha magani bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 0.70 g/l. Sai gumi, sai rawar jiki, sai magana ta rikice. Wadda ba ta sani ba za ta ce iska ce, a tafi neman hayaƙi. Wadda ta sani za ta jiƙa ƙaramin cokali uku na sukari ta ba shi, bayan minti 15 in bai dawo daidai ba ta ƙara, sannan ya ci abinci. In ya riga ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, sai asibiti maza-maza.

Na uku, ƙafa. Ciwon nan yana kashe jijiyoyin ji, mu kuma yini muke tsaye cikin kara, ga ƙaya, ga kofato. Mutum zai dawo daga Maigatari ko Illela da rauni a tafin ƙafa bai ji ba, kuma mai tumbi ba ya ganin tafin ƙafarsa da kyau. Dubawar minti biyu da iyali za ta yi kowane dare ita ke hana ƙaramin miki ya kai ga yanke ƙafa. Haka kuma ita ce za ta adana insulin nesa da zafi, ta haɗa guzuri da maganin da zai isa zuwa Ikko da dawowa, ta kuma tuna wa maigida ya ga likita kafin azumi, tunda Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame.

Akwai kuma abin da ake jin nauyin faɗa. Ciwon suga kan raunana namiji wajen iyali. In aka yi shiru, sai zargi ya shiga, wannan ta ce kishiya ce ta yi asiri, waccan ta ce ya daina sonta, shi kuma ya koma ga masu tallar maganin maza a bakin kasuwa. Gida nawa wannan shirun ya rikita? Alhali kuwa magana ce ta likita.

Mun san abin da wasu za su ce: in mace ta sani za ta zama jandarma a kanka, ko labari ya bazu abokan ciniki su ce Alhaji ya gaza. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Tsegumi da gori a gaban yara ba taimako ba ne, sai ma su sa mutum ya riƙa shan lemo a ɓoye a tasha. Maganin wannan shi ne a zauna a yi yarjejeniya: ga abin da nake so ki tuna mini, ga wanda zan kula da kaina, ga kuma wanda bai kamata ya fita ɗakin nan ba.

Kuma kada mu manta, ciwon bai san namiji ko mace ba. In Hajiya ce ke da shi, kuɗin maganinta da na awo su shiga lissafi kafin mota ta tashi, daidai da kuɗin cefane. Ba a barin ta ta yanke magani don maigida na kudu bai dawo ba.

Shawararmu ga kowane ɗan ƙungiya: awo na gaba, a tafi da iyali, a zauna gaban likita tare, a bar su su yi tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kai mu gida lami lafiya, amin.