RA'AYINMU: WASAN GIDA A GARIN WASU

Akwai wani kuka da masu son ƙwallon ƙafa a ƙasar Gumel da sauran sassan Jihar Jigawa suka daɗe suna yi, wanda manya sukan ɗauke shi kamar surutun samari ne a bakin tasha. Kukan kuwa shi ne, don me ƙungiyar da ake ce wa tamu, wadda ake biyan 'yan wasanta da kuɗin jiharmu, in ta tashi yin wasan gida sai a kwashe ta a kai ta wani gari? Mu a wannan shafi muna ganin kukan nan yana kan hanya, ya kuma kamata a saurare shi. Amma fa za mu faɗa wa masu kukan wata magana da watakila ba za ta yi musu daɗi ba.

Bari mu soma da abin da ya faru, domin waɗanda ba su bi labarin ba. An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991, kuma kamar sauran jihohi tana da ƙungiyar ƙwallonta, wato Jigawa Golden Stars, wadda a shekarun baya ta yi wasanninta a Haɗeja. A shekarar 2019 ƙungiyar nan ta samu hawa zuwa babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, inda ƙungiyoyi 20 ke fafatawa. Aka yi murna. To, amma babbar gasa tana da ƙa'idodinta game da fili: ciyawa mai kyau, shinge tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa, ɗakunan canza kaya, wurin kula da wanda ya ji rauni, da sauransu. Da aka duba, sai ga shi a duk ƙananan hukumomi 27 na jihar babu filin da aka amince a buga wasan a cikinsa. Sai aka je aro a Kano, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

Ana cikin haka sai annobar korona ta ɓullo, aka tsayar da gasar a watan Maris na 2020, ba a kuwa saukar da kowa ba a waccan kaka. Filin Sani Abacha kuma aka mai da shi wurin killace marasa lafiya. Da aka komo wasa a ƙarshen shekarar, mai masauki da baƙonsa duk sun rasa gida, Kano Pillars da Jigawa Golden Stars suka ɗunguma zuwa filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. A ƙarshen wannan kakar, cikin 2021, Golden Stars ta faɗo zuwa rukuni na ƙasa.

Ba mu ce zaman Kaduna kaɗai ne ya kayar da ita ba. Amma duk wanda ya san ƙwallon Nijeriya ya san cewa a gida ƙungiya take tara makinta. Ku dubi Kano Pillars ɗin nan. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, shekara 12 cur, ba wanda ya zo Kano ya ci ta a wasan gasa, wasa 202 a jere, sai da Nasarawa United ta karya wannan lago. A cikin waɗannan shekaru ne ta ɗauki kofin gasar har sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014. Ba banza ba ne ake yi mata kirari da Masu Gida. To, ina ƙungiyar da ba ta da gida za ta samo irin wannan ƙarfi? A kaka guda ana buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Ƙungiyar da aka kai garin wasu, duka 38 ɗin a bakin hanya take yinsu. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Yanzu mu yi lissafin talaka. Saurayin da ke zaune a Gagarawa Tasha, ko Maigatari, ko Sule Tankarkar, in wasa a Haɗeja ne, sai ya bi ta Gumel da Malam Madori, ya yi kallonsa ya komo ya kwana a ɗakinsa. In a Kano ne, daga Gumel tafiyar kimanin kilomita 120 ce, da wuya amma tana yiwuwa ga wanda ya sayar da ɗan riɗinsa ko zoɓonsa. In kuwa aka ce Kaduna, sai ya ƙara fiye da kilomita 200 a kan wannan. Ana take wasa da ƙarfe 4 na yamma, a tashi dab da faɗuwar rana. Ko dai ya kama hanyar Zariya da Kano cikin dare, abin da babu uwar da za ta so wa ɗanta, ko kuwa ya nemi makwanci a garin da bai san kowa ba. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da na abinci, da na kwana, sun ninka kuɗin shiga fili sau da yawa. Ga mu kuma da yawancin wasannin nan ran Lahadi ake yinsu. Matashin da da can zai fito daga sujada ya ci abinci ya wuce fili, yanzu sai ya zaɓi ɗaya, domin wanda zai isa Kaduna kafin la'asar tun da asuba zai bar gida.

Wani zai ce, ai a farkon waccan kakar an hana 'yan kallo shiga fili ko'ina saboda korona, saboda haka ba abin da aka rasa. Gaskiya ne an hana. Amma hanin na ɗan lokaci ne, rashin fili kuwa ya riga korona zuwa. Kuma ko da babu ɗan kallo ko guda, baitulmalin jiha ne ya ɗauki nauyin ajiye 'yan wasa da masu horar da su a wata jiha, da abincinsu, da zirga-zirgarsu. Kuɗin da ya kamata ya zagaya a Dutse ko Haɗeja, a can ya zube. Ranar wasa ai ranar kasuwa ce. Mai rake, mai gyaɗa, mai ruwan sanyi, mai tsire, ɗan acaɓa, direban da zai yi sawu biyu maimakon ɗaya, duk sukan samu na cefane. Su ba sa cikin masu rubuta takardar koke, amma su ne farkon waɗanda ake cuta idan aka ɗauke wasa.

Akwai kuma asarar da ba a ƙirga ta da naira, wadda a ganinmu ta fi waccan. Ku shiga kowane gidan kallo a Gumel ran Asabar da yamma. Yaro ɗan shekara 12 zai lissafa muku 'yan wasan Arsenal ko Real Madrid ɗaya bayan ɗaya, har da na benci, amma ku tambaye shi mai tsaron gidan ƙungiyar jiharsa, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Abin da ido bai gani ba zuciya ba ta ƙaunarsa. Yaron da ya taɓa tsayawa a bayan shinge ya ga ɗan unguwarsu sanye da rigar jiha, ya ji jama'a suna kiran sunansa, wannan yaro ya san cewa hanya a buɗe take gare shi shi ma. Ahmed Musa, wanda ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasa, a gaban jama'ar Kano ya yi suna, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2010 kafin ya tafi Turai. Abin takaici, da ya komo Pillars a 2021, Kanawan da ke son ganinsa a wasan gida sai da suka bi shi Kaduna.

To, ga maganar da muka ce ba za ta yi daɗi ba. Ba kowace ƙaura ce gwamnati ko annoba ke jawowa ba. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta yi shekaru tana aron fili a Kano da Katsina saboda tashin hankalin Boko Haram, wannan kowa ya tausaya mata, ba ta da yadda za ta yi. Amma Kano fa? Bayan doguwar jira, aka komo da Pillars filin Sani Abacha a watan Afrilu na 2022. A wasa da Katsina United, wasu 'yan kallo suka ta da tarzoma, aka farfasa motar baƙi, wasa bai ƙare ba. Hukumar gasa ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 9, ta zabtare mata maki 3, ta kuma tura ta filin Moshood Abiola a Abuja, tafiyar da ta fi ta Kaduna nisa. A ƙarshen kakar, Masu Gida suka faɗo ƙasa. Suka sake hawowa a 2023. Mutum zai yi zaton an ji jiki. Ina! A watan Oktoba na 2025, Shooting Stars ta Ibadan ta rama ƙwallo a mintin ƙarshe, sai jama'a suka tsallake shinge suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Aka sake cin tara, naira miliyan 9 da rabi, aka sake zabtare maki 3, aka rufe filin aka ce su tafi Katsina.

Wa ya kori wa a nan? Dubban mutanen da suka biya kuɗinsu suka zauna lafiya, da mai raken da ke bakin ƙofa, su aka hukunta saboda ɗanyen aikin 'yan tsiraru. Muna faɗin wannan ba don mu yi wa maƙwabtanmu dariya ba, domin da yawa daga cikin mutanen Gumel da Gagarawa Pillars suke bi tun kafin su san Golden Stars, kuma jinin samarinmu ba shi da bambanci da na samarin Ƙofar Mata. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da aka ba mu fili, rana ɗaya ta jifa ta isa ta mai da mu inda muka fito. Alƙalin wasa yana iya yin kuskure, wani lokaci ma har da son zuciya, ba mu musa ba. Amma akwai inda ake kai ƙara, dutse kuwa bai taɓa mai da ƙwallon da ta shiga raga ba.

A Ingila an taɓa yin wata ƙaura da ta fi tamu ciwo. A 2002 aka ba masu ƙungiyar Wimbledon ta birnin Landan izini su ɗauke ta gaba ɗaya zuwa wani gari mai suna Milton Keynes, ba aro ba, tafiya ce ba dawowa. Magoya bayanta ba su ƙona mota ba. Sai suka haɗa kuɗi suka kafa sabuwar ƙungiya tasu ta kansu a wannan shekarar, suka soma daga can ƙasa, suna hawa sannu a hankali, har a 2011 suka shiga gasar ƙwararru, a 2020 kuma suka koma sabon fili a tsohuwar unguwarsu. Shekara 18 ke nan. Ba mu ce a kwaikwayi wannan kai tsaye ba, tunda a nan gwamnati ce mai ƙungiya, aljihunmu kuma ba irin nasu ba ne. Abin lura shi ne sun haɗa kai, suna da shugabanni da littafin kuɗi, saboda haka muryarsu ta yi nauyi.

Ga gwamnatin jiha, roƙonmu kaɗan ne. Kada a sake bari hawa babbar gasa ta riski jihar nan ba shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana neman hawa ya kamata a gayyato masu duba filaye na hukumar gasa, su rubuta abin da ya rage, a gyara. Ko Dutse ne ko Haɗeja, mu na ƙasar Gumel ba za mu yi gardama a kan wannan ba, muddin mutum zai je ya komo a yini guda. Sai dai a tuna cewa gina fili ya fi riƙe shi sauƙi. Ciyawa a ƙasarmu mai wata bakwai ko takwas ba ruwan sama tana bukatar rijiyar burtsatse, da injin da ba ya rasa mai, da ma'aikatan da ake biya a kan kari. Mun sha ganin gine-ginen da aka buɗe da kiɗa da algaita, bayan damina biyu awaki suka gaje su. A hana kuma mai da filin wurin taron siyasa da bukukuwa, inda za a kafa rumfuna a tattake ciyawar da aka yi shekara ana reno.

'Yan majalisar jiha masu wakiltar Gumel, Gagarawa, Maigatari da Sule Tankarkar, ku ma kuna da aiki. Ku tambaya a zauren majalisa nawa aka kashe wajen ajiye ƙungiyar nan a Kano da Kaduna tsakanin 2019 da 2021, a karanta wa jama'a a rediyo, a kwatanta da abin da gyaran fili ɗaya zai ci. Ƙungiyoyin magoya baya kuma su yi rajistar mutanensu gari-gari, su fid da dattawa masu riƙe da samari a ranar wasa, wanda ya ɗauki dutse su miƙa shi da hannunsu kafin hukuma ta zo. Iyaye da shugabannin matasa da ke karanta wannan shafi, in an kira irin wannan taro a garinku, ku je, ku kuma tafi da 'ya'yanku.