Gardamar Jita Tsakanin 'Yan Gaya da Ajingi

Tun da aka dawo daga hutu muke jin wata gardama tana tashi tana kwantawa a tsakanin 'yan'uwanmu ɗalibai 'yan asalin Gaya da Ajingi. Sun yi karo-karo, har yayyenmu da suka fara aikin gwamnati sun sa albarka, da niyyar a sayi jitar lantarki guda ɗaya tak, wadda za a riƙa kaɗawa a wasannin ƙungiya a nan makaranta, in hutu ya zo kuma a tafi da ita gida. Kuɗin ba su kai a sayi biyu ba, shi ya sa magana ta yi zafi. Wani ɓangare na son jita mai kakkaurar murya, mai ruri kamar hadari ya taso daga gabas, irin wadda suke gani a hannun makaɗan Turai da Amurka. Ɗaya ɓangaren kuwa na son mai siririyar murya, mai tsiwa, wadda in an taɓa ta sai ka ji amonta ya fito da ƙarfe-ƙarfe, kamar ƙarar tsirkiyar baka bayan maharbi ya saki kibiya.

Mu dai ba za mu ɓoye ba, muna tare da ɓangare na biyu. Ga dalilanmu, kowa ya auna da hankalinsa.

Da farko ya kamata a san cewa wannan bambancin murya ba sihiri ba ne, ba kuma launin fenti ke kawo shi ba. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙon da zai ƙara mata amo kamar yadda gurmi ke da shi. Gangar jikinta katako ne kawai. Abin da ke ɗaukar sautin wani ɗan abu ne da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda masu sana'ar ke kira fikof, mu kuwa bari mu ce masa kunnen jita. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa, sai ɗan ƙaramin lantarki ya tashi a cikin naɗin, ya bi waya zuwa amfilifaya, daga nan lasifika ta mai da shi sauti. To, kunnen nan iri biyu ne. Akwai mai naɗi ɗaya, shi ne mai fito da murya tas, mai kaifi. Akwai kuma mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Shi wannan muryarsa ta fi kauri da duhu.

Uwar masu tsiwa ita ce Telecaster, wadda kamfanin Leo Fender ya fito da ita a Kalifoniya ta Amurka a 1950, ta sami sunan da aka san ta da shi a 1951. Kunnenta na baya yana zaune ne a kan farantin ƙarfe, dab da inda tsirkiyoyi suka ƙare, inda rawar tsirkiya ta fi gajarta, amo kuma ya fi kaifi. Bugu da ƙari, tsawon tsirkiyarta inci 25.5 ne, alhali na Les Paul 24.75, saboda haka ta fi ɗamewa, in an fizge ta kuma ta fi saurin mayar da martani. Ƙanwarta Stratocaster ta biyo baya a 1954 da kunnuwa 3, ita ma muryarta a sarari take, sai dai ta fi yayarta laushi kaɗan.

Yanzu mu komo gida. Wane irin amo kunnen mutumin Gaya ya saba da shi? Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ji garaya a hannun makaɗan maharba, ya ji gurmi irin na Haruna Uji, ya ji kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntigin nan fa tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa kuwa gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, amma da shi mutumin ya zagaya duniya. Babu ko ɗaya daga cikin kayan nan da ke ruri. Dukkansu fizga ake yi, amo ya fito da sauri, ya mutu da sauri, ya bar wa muryar mawaƙi fili. Har ma makaɗanmu kan ƙara wa wuyan abin kiɗa ɗan ƙarfe mai 'yan zobba, domin ya riƙa kaɗawa tare da tsirkiya. Watau abin da wani zai kira ƙazantar sauti, mu a wurinmu gishirin miya ne. In kuwa haka ne, jita mai tsiwa ba baƙuwa ba ce a gidanmu, 'yar'uwa ce da ta daɗe a tafiya. Masana tarihin kiɗa ma sun nuna cewa banjo, wadda amonta ya cika kiɗan ƙauyukan Amurka inda Telecaster ta yi suna, ta samo asali ne daga kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma waɗanda bayi suka tafi da iliminsu.

Akwai kuma wata magana da ta fi wannan nauyi a ganinmu, ita ce maganar harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya ne ke raba ma'anar kalma da 'yar'uwarta. Shi ya sa kalangu ke magana, shi ya sa makaɗan Mamman Shata suka iya amsa masa da fata da igiya. Abin kiɗan da zai raka waƙar Hausa dole kowace murya da ya fitar ta tsaya da ƙafarta, a ji farkonta, a ji ƙarshenta. Jita mai ruri, musamman in an buɗe amfilifaya har sauti ya dagule, tana haɗe muryoyi su zama kunu, ta kuma danne mawaƙi. Mu kuwa waƙarmu magana ce. Mutanenmu sun fi zuwa jin abin da aka ce a kan jin abin da aka kaɗa, kuma duk wanda ya taɓa zama a filin wasa ya ga yadda tsoho ke matsowa in aka jefa habaici, ya san haka ne.

Kada wani ya ce ai wannan zato ne kawai, domin maƙwabtanmu sun riga sun gwada. Abzinawa sun ɗauki jitar lantarki sun mai da ita tasu. Ƙungiyar Tinariwen ta mutanen arewacin Mali ta ci kyautar Grammy a 2012 da irin wannan busasshen amo. A Nijar, Agadas ta zama garin jita, inda Bombino ya fito. Mdou Moctar kuwa, wanda da hagu yake kaɗa Stratocaster, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a madadin tsirkiya. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, a ɗakin ɗaukar waƙa irin namu, waƙoƙin kuma suka bazu daga waya zuwa waya kafin Turawa su san da shi. Mutumin ya zo ƙasarmu ya ari salonmu ya wuce gaba, mu muna nan mun miƙa wa fiyano ragamar komai.

A nan ne ciwon yake. Tun da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, fiyanon Yamaha ta zama ita ce ganga, ita ce algaita, ita ce gurmi. Ba mu raina ta ba, ta ciyar da gidaje da yawa, ta kuma sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi. Amma ta sa yatsun matasanmu sun manta tsirkiya. Wanda ya danna maɓalli ya ji kwaikwayon gurmi bai koyi gurmi ba, kuma ranar da aka ɗauke wuta shi da kurma ɗaya ne. Mai jita kuwa, ko ta lantarki ce, hannunsa na kan hanyar da za ta iya mai da shi ga garaya da molo, domin aikin ɗan yatsa ɗaya ne. Ga shi yawancin waƙoƙinmu a kan muryoyi 5 suke tafiya, waɗanda ke kwance a wuyan jita ba tare da wahala ba.

To, amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Masu son mai naɗi biyu suna da hujja guda mai ƙarfi, bai kuwa kamata mu tsallake ta ba. Kunne mai naɗi ɗaya kwaɗayayye ne, ba rawar tsirkiya kaɗai yake ɗauka ba. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi kuma yana jin wannan, sai ka ji lasifika na gunji ko ba a taɓa jita ba. In aka haɗa da janareta da wayoyin da aka yi wa jone-jone, kamar yadda aka saba a gidan biki, abin ya kan ƙara muni. Dalilin ƙera mai naɗi biyu ke nan tun asali, naɗi ɗaya ya kashe gunjin ɗaya. Wannan gaskiya ce. Sai dai ciwon yana da magani. A nisanta janareta, a sami igiya mai kyau gajera, makaɗi ya juya jikinsa har ya sami inda gunjin ya ragu. Amfilifaya mai aiki da batir, wadda ake iya cajinta da hasken rana, ta kan rage rabin matsalar, ta kuma fi dacewa da ƙauyukan Ajingi inda ba a jingina da wuta. Akasarin Stratocaster ta zamani ma, in aka sa maɓallinta ya haɗa kunnuwa biyu, gunjin ya kan lafa. Ita kuwa dusasshiyar murya a fili, inda babu bango babu rufi, ga kalangu ga hayaniyar jama'a, ba mu san mata magani ba face ƙara ƙara, wadda ba ta ƙara komai sai ciwon kai.

Saura maganar aljihu. Ba mu ce lalle sai an sayi Fender ta Amurka ba. Kuɗin karo-karon ɗalibai ba za su kai ko kusa ba. Tun 1982 kamfanin ke fitar da 'yan ƙannenta masu rahusa da sunan Squier, akwai kuma Pacifica ta Yamaha, wadda galibi ke haɗa kunnuwa masu naɗi ɗaya da mai naɗi biyu a jiki guda. Wannan ta ƙarshe na iya zama sulhu in gardama ta ƙi ƙarewa, ko da yake mu muna ganin mai bin hanya biyu ba ya cika ɗaya. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne suna. Ba duk wadda aka rubuta wa Fender a ka ba ce Fender, kuma tsohuwa ta gwanjo mai lafiyayyen wuya ta fi sabuwa mai ƙyalli wadda ba a san uwarta ba.

Waɗanda za a aika Sabon Gari su tafi da wanda ya iya kaɗawa, kada su tafi da wanda ya iya ciniki kaɗai. A fara kaɗa ta ba tare da an jona ba. In ta yi amo mai rai a haka, za ta yi a lasifika. A ɗaga ta a hango wuyan daga ƙarshe kamar yadda kafinta ke hango katako, a ga ko ya murɗe. A danna kowace tsirkiya daga sama har ƙasa. Sa'an nan a tuna da hunturu, wanda masu ƙera jita a Amurka da Asiya ba su yi lissafinsa ba. Iskar Disamba da Janairu da ke fasa mana leɓe tana tsotse katako, ya ɗan ƙanƙance, har bakin ƙarafan da ke gicciye a wuya su fito su riƙa yankar hannu, damina kuma ta zo ta kumbura shi. Saboda haka a tabbata sandar ƙarfen da ke cikin wuya tana juyawa, a karɓi makullinta, a kuma ware kuɗin jaka da na tsirkiyoyin canji tun kafin a taya jitar. Ƙura da gumi suna kashe kaifin tsirkiya cikin 'yan makonni, kaifin nan kuwa shi muka je saye.

Mun san akwai waɗanda za su karanta wannan su yi tsaki, su ce ɗan jami'a da kiɗa, sai ka ce maroƙi. Wannan tsohuwar magana ce a ƙasar Hausa, inda ake son waƙa ana ƙyamar mai yin ta, kuma ta isa a yi mata shafi nata daban wata rana. Mu dai abin da muka sani, tarihin baka ya ce Abagayawa maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama, har suka zauna a gindin Dala, Kano ta tsiro daga nan. Jikokin waɗanda suka fara jin ƙarar guduma a kan uwar maƙera ba sa bukatar wani ya koya musu daɗin amon ƙarfe. Idan kwamiti ya zauna yanke shawara, muna roƙon a kawo jita biyun aro, a fitar da su fili bayan la'asar, a sa mai kalangu a gefe, wani ya rera waƙa, sa'an nan a tura mutum ɗaya can ƙarshen fili ya dawo ya faɗi wadda ya ji da kuma ko ya fahimci abin da mawaƙin ya ce.