Marubuta, Mu Daina Ɗora wa Maganin Ƙanjamau Laifi

Rubutun wannan makon ƙorafi ne, kuma da mu nake, har da ni.

Akwai wani salo da ya zame mana jiki a labaran da muke saki shafi-shafi a WhatsApp da Facebook. Jaruma ta kamu da ƙanjamau, ta fara shan magani, bayan sati uku zazzaɓi ya rufe ta, wuya ya kumbura. Sai mu sa wata tsohuwa ta ce maganin asibiti ne ke cinye ta, a zubar a nemi na gargajiya. Masu karatu su sha kuka, mu sha yabo, alhali ƙarya muka shuka.

Likitoci sun san wannan yanayin, suna kiransa IRIS. Ƙwayar HIV tana karya garkuwar jiki har ta kasa tanka wa duk cutar da ta shigo, sai irin su tarin fuka ko sanƙarau su kwanta a ciki shiru. Da an fara magani garkuwar ta farfaɗo, sai ta farga da baƙin da suka cika gida, ta afka musu. Wannan faɗan ne ke kawo zazzaɓi da kaluluwa da ƙaruwar tari. Yakan zo a makonni ko watannin farko, kuma ya fi samun wanda ya makara, wanda ƙwayoyin CD4 ɗinsa suka yi ƙasa da 100. Ashe jinkirin zuwa asibiti ya kamata mu zarga.

Galibi ba a tsayar da maganin. Ana maganin cutar da ta ɓuya, wani lokaci a ƙara da prednisone don kwantar da kumburi. Idan abin ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya kisa, shi ya sa asibiti ake komawa da gaggawa.

Wani zai ce ai labari ne kawai. To wa ke karanta shi? Akwai wadda ta ɓoye kwalbar maganinta a ƙasan akwati, ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Jikinta ya ɗau zafi a sati na uku, ba ta da abokin shawara sai labarinka. Idan ta zubar da maganin, da hannunka a ciki.

Ba na hana kowa rubuta ciwo ko mutuwa. Amma kafin ka kwantar da jarumarka, nemi likita ko ma'aikaciyar jinya ka yi tambaya. Mai ja da ni, ga fili a ƙasa.