John Mackey, Mai Riga Lamba 88

Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka, filin wani wasa da yawancinmu ba mu saba kallo ba, wato ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano da sulken kafaɗa suna karo da juna kamar ragunan faɗa. Mutumin da za mu yi magana a kansa sunansa John Mackey. An haife shi a Niyok a 1941, ɗan wani limamin coci, ya rasu a birnin Baltimore a watan Yulin 2011 yana da shekara 69.

Sai mun fara sanin aikin da yake yi a fili kafin mu gane girmansa. Kowace ƙungiya tana da mutum 11 a cikin wasa. Idan ƙwallo na hannunsu, ƙarti biyar ne ke jera sahu a gaba, aikinsu su tare abokan karawa kada su cim ma mai jefa ƙwallo. Can gefe kuma akwai sirara masu gudun tsiya, su ake jefa wa ƙwallo daga nesa. To akwai mutum guda da ke tsayawa a bakin sahun nan, kafaɗa da kafaɗa da ƙartin, wanda a can ake ce wa tayit end. Aiki biyu ne a wuyansa. Wani lokaci ya tsaya ya tokare ƙato mai nauyin buhu, wani lokaci ya sulale ya fita ya cafe ƙwallo. Kafin zamanin Mackey, masu horarwa sun fi ɗaukar wannan gurbi a matsayin ƙarin ƙato na shida, in an jefa masa ƙwallo ma, ta kusa ce, ya kama ya faɗi da ita.

Mackey ya yi karatu a Jami'ar Syracuse, inda ya yi wasa tare da Ernie Davis, baƙar fata na farko da ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 1961. A 1963 ƙungiyar Baltimore Colts ta ɗauke shi, a shekarar da Don Shula ya karɓi horar da ita, mai jefa ƙwallonta kuwa shi ne shahararren Johnny Unitas. Mackey yana da nauyin da ya ɗan haura kilo 100, amma ga gudu. In ya kama ƙwallo ba ya neman hanyar kauce wa mai tsaron baya, ta kansa yake bi. Filin wasan yadi 100 ne daga gida zuwa gida. A kakar 1966 ya kai ƙwallo gida sau tara, kuma shida daga ciki ya yi su ne daga nisan da ya haura yadi 50. Wannan aikin siraran nan ne na gefe, ba wanda ya taɓa zaton mai tsayawa a bakin sahu zai yi shi. Daga nan masu horarwa suka fara neman irinsa, kuma duk wani tauraron wannan gurbi da ya biyo baya, daga Tony Gonzalez zuwa Rob Gronkowski da Travis Kelce, a kan turbar da Mackey da takwaransa Mike Ditka suka share yake tafiya.

Ranar da Amurkawa suka fi tunawa da shi ita ce ta wasan ƙarshe na Super Bowl karo na biyar, a Miami, cikin Janairun 1971, tsakanin Colts da Dallas Cowboys. Unitas ya jefa ƙwallo, ta yi sama da yawa, ta goge yatsun abokin wasansa Eddie Hinton, ta goge na ɗan Dallas Mel Renfro, sai ga ta a hannun Mackey. Ya ruga da ita har gida, yadi 75 ke nan gaba ɗaya. Colts suka ci wasan 16 da 13.

Da a nan labarin ya tsaya, da ba mu ɗauko shi ba. Abin da ya sa nake ganin ya cancanci a ba shi lokaci a wannan gidan rediyo shi ne abin da ya yi a wajen fili. A 1970, lokacin da manyan gasannin ƙasar biyu suka haɗe suka zama NFL guda, 'yan wasa suka zaɓi Mackey shugaban ƙungiyarsu ta ƙwadago. A shekarar nan ya jagoranci yajin aiki na 'yan kwanaki, wanda ya tilasta wa masu ƙungiyoyi ƙara kuɗin fansho da na kula da lafiya. A 1972 kuma ya kai NFL kotu da sunansa.

Ga abin da ya kai su kotu. Akwai wata doka da ake kira da sunan shugaban hukumar NFL na lokacin, Pete Rozelle. In kwantiragin ɗan wasa ya ƙare, a takarda yana da 'yancin komawa duk ƙungiyar da ya ga dama. Amma sabuwar ƙungiyar sai ta biya tsohuwar diyya, in ba su daidaita ba, Rozelle shi kaɗai zai yanke abin da za a biya, yana iya ƙwace mata gwanin ɗan wasanta ya miƙa wa waccan. Wace ƙungiya ce za ta sa hannu a rami irin wannan? Saboda haka kusan ba wanda ke taya ɗan wasan wani, shi kuma dole ya karɓi duk albashin da ubangidansa ya yanka masa. A ƙarshen 1975 alƙali Earl Larson na kotun tarayya a Minneapolis ya yanke cewa dokar ta saɓa wa dokokin hana babakere a kasuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1976. Cikakken 'yancin sauya ƙungiya bai samu ba sai 1993, bayan wasu shari'o'in, amma Mackey ne ya fara fasa ƙofar.

Shi kansa bai ci moriyar 'yancin da wannan nasara ta kawo ba. A shekarar da ya shigar da ƙarar ya rabu da Colts, ya yi kaka ɗaya a San Diego Chargers, ya ajiye wasa. Kuma sai a 1992, shekara 20 bayan ritayarsa, aka shigar da shi zauren girmama gwanaye da ke Canton a jihar Ohio, shi ne na biyu daga masu riƙe wannan gurbi bayan Ditka. Mutane da yawa sun yi imani cewa rigimarsa da masu kuɗin wasan ce ta jawo wannan jinkiri, ni ma ra'ayina ke nan, domin ba a taɓa yin gardama a kan gwanintarsa ba. Ko a nan ma bai sauya hali ba. A 1984 mai Colts ya kwashe ƙungiyar cikin dare a manyan motoci ya mayar da ita Indianapolis. Da aka zo ba Mackey zoben girmamawa, ya ƙi karɓa a can, ya ce a Baltimore ya yi wasa, a Baltimore aka ba shi.

Sai kuma jarrabawa ta zo. Tun bai cika shekara 60 da kyau ba, iyalinsa suka fara ganin mantuwa da sauyin hali, likitoci suka ce ciwon lalacewar ƙwaƙwalwa ne. Mutumin da ya taɓa zama gaban lauyoyi da attajirai yana kare haƙƙin ɗaruruwan 'yan wasa ya koma sai an kula da shi kamar ƙaramin yaro. Abu biyu ne ba ya rabuwa da su, zoben nasarar Super Bowl da zoben girmamawa na Canton. Wata rana a filin jirgin sama, jami'an tsaro suka ce ya cire zobban ya wuce ta na'urar bincike. Ya ƙi. Ya ɗauka ƙwace masa za a yi, sai ya ture ya ruga ciki, jami'ai suka bi shi suka danne, matarsa Sylvia tana biye tana ihu tana roƙon kada a harbe shi, mara lafiya ne.

Wannan baiwar Allah, wadda suka haɗu tun suna jami'a, ita ta ɗauki nauyin gidan. Tana da shekara 56 ta shiga aikin kula da fasinjoji a jirgin sama don su samu albashi da inshorar lafiya, domin fanshon 'yan wasan zamanin mijinta bai taka kara ya karya ba. Ku duba fa, masu sauraro: yaran da suka zo bayansa suna sa hannu a kwantiragin miliyoyin daloli albarkacin shari'ar da ke ɗauke da sunansa, matarsa kuwa tana tura keken abinci a cikin jirgi don ta biya kuɗin jinyarsa. Wannan abin kunya ne ga wasan da ya fi kowane kawo kuɗi a Amurka.

A 2006 Sylvia ta rubuta wa shugaban NFL na lokacin, Paul Tagliabue, wasiƙa, ta zayyana masa halin da suke ciki da halin wasu iyalan irinsu. Daga wannan wasiƙa hukumar da ƙungiyar 'yan wasa suka kafa wani shiri da suka sa wa suna Shirin 88, lambar rigar Mackey. Shirin ya fara da biyan har dala 88,000 a shekara ga tsohon ɗan wasan da ke kwance a gidan jinya saboda ciwon ƙwaƙwalwa, ko dala 50,000 ga wanda ake jinya a gida. Iyalai da dama da suka kusa sayar da gidajensu sun samu sauƙi ta wannan hanya. Sai dai a lokacin hukumar ba ta yarda cewa karon da ake yi a fili ne ke jawo ciwon ba.

Bayan rasuwarsa, iyalinsa suka ba da ƙwaƙwalwarsa ga likitocin Jami'ar Boston, suka bincika suka samu cutar nan da ake kira CTE, wadda ake dangantawa da yawan bugun kai shekara da shekaru. A 2013 NFL ta amince ta biya dala miliyan 765 don sasantawa da dubban tsofaffin 'yan wasa da suka kai ta ƙara. A 2017 likitocin Boston ɗin suka ba da rahoton cewa cikin ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111 da iyalai suka ba su, 110 na ɗauke da cutar, ko da yake akasari iyalan da suka riga suka ga alamu ne ke bayarwa. Amsawa da baki kuwa sai a watan Maris na 2016, kusan shekara biyar bayan rasuwar Mackey, lokacin da wani babban jami'in hukumar, Jeff Miller, ya tabbatar wa 'yan majalisar dokokin Amurka cewa lallai akwai alaƙa tsakanin wasan da wannan cuta.