Makarantar William Ponty: darasin da ɗakin kwanan Gore ya bar wa Dakoro

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hanyar da manyan ɗaliban Nijar suka saba bi zuwa Faransa ta ƙuntata. A watan Satumban wannan shekara Faransa ta dakatar da bai wa ɗaliban Nijar da Mali da Burkina Faso biza, a farkon 2024 ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai, a watan Maris na 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Iyayen da ke da hali a Maraɗi da Dakoro sun koma duba Maroko da Aljeriya da Turkiyya da Masar, ko Kano da Zariya da ke kusa. Muhawarar duk ta tsaya kan tambaya guda: wace ƙasa za a tura yaro?

Akwai tambayar da ta riga wannan, wadda tarihin wata tsohuwar makaranta a Senegal ke tunatar da mu: wane yaro ne ma yake kai wa matakin da za a yi maganar tura shi waje, kuma ina ya kwana kafin ya kai?

Makarantar da ake magana ita ce William Ponty. Turawan Faransa sun kafa ta a 1903 a birnin Saint-Louis don horar da malamai. A 1913 aka mayar da ita tsibirin Gore da ke gaban Dakar, a 1915 aka raɗa mata sunan gwamna janar William Ponty wanda ya rasu a shekarar. A ƙarshen shekarun 1930 ta sake ƙaura zuwa Sebikotane, cikin wani tsohon barikin soja. Ɗalibanta daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa suke zuwa: Senegal, Muritaniya, Sudan ta Faransa wadda ita ce Mali a yau, Gine, Kodebuwa, Haute-Volta, Dahomey da Nijar. Ba kuɗin uba ke shigar da yaro ba. Jarrabawa ce mai tsanani, bayan yaro ya gama firamare ya kuma wuce babbar firamaren da ke gaba da ita. Wanda ya ci zai yi shekara uku, ya fito malamin makaranta ko magatakardan gwamnati, ko ya wuce makarantar likitanci ta Dakar da aka buɗe a 1918.

Ga ɗan Nijar, isa can ma wani karatu ne. Boubou Hama, ɗan ƙauyen Foneko kusa da Tera, sai da ya bi ta Dori da Wagadugu kafin ya ga teku, kuma a 1929 ya zama malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya fito daga Ponty. Diori Hamani ya bi ta Porto-Novo a Dahomey. Djibo Bakary ya biyo bayansu. A kowane zango, gwamnati ce ke ba su wurin kwana da abinci. Ba don haka ba, da ɗan manomin Foneko bai wuce Tera ba.

Zaman cikin makarantar kusan na soja ne. Tufafi iri ɗaya, lokacin tashi da na ci da na kwanciya duk a ƙayyade, Faransanci shi ne harshen aji, shi ne kuma kaɗai harshen da ɗan Kodebuwa da ɗan Nijar za su fahimci juna da shi a ɗakin kwana. Gore tsibiri ne da tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, babu inda yaro zai je. Kafin a karɓe shi kuma sai ya sa hannu cewa zai yi wa gwamnati aiki na shekara 10. A shekarun 1930 aka shigo da abubuwa biyu da suka yi suna. Na farko wasan kwaikwayo, inda 'yan kowace ƙasa ke shirya wasa daga tarihi da al'adun gida, har aka kai su Paris a 1937 suka nuna. Na biyu aikin hutu: kowane ɗalibi ya koma garinsu ya rubuto littafi kan aure ko abinci ko magani ko tatsuniyoyin mutanensa. Ɗaruruwan waɗannan littattafai na ajiye a cibiyar bincike ta IFAN a Dakar, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sanya su cikin kundin tarihin duniya da ya kamata a adana.

Abin da Turawa suka nema shi ne mataimaka masu biyayya. Abin da suka samu ya wuce haka. Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa, Modibo Keita na Mali, Hubert Maga na Dahomey, Mamadou Dia da Abdoulaye Wade na Senegal, duk ta Ponty suka bi. Lokacin da aka kafa jam'iyyar RDA a Bamako a watan Oktoban 1946, da yawa daga cikin jagororinta sun riga sun san juna, ko sun san ɗaki ɗaya da tukunya ɗaya. A Nijar ma haka: Diori ya zama shugaban ƙasa na farko a 1960, Boubou Hama ya riƙe majalisar dokoki har 1974, Djibo Bakary ya jagoranci Sawaba da ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Gwamnati da adawarta duka makaranta ɗaya ta yaye su. Maƙwabtanmu na kudu sun san irin wannan labari da Kwalejin Katsina, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi zaman kwana.

Sai dai bai kamata kewar da ta rufe mana ido ba. Takardar Ponty ba ta kai darajar bakaloriyar Faransa ba, da gangan aka yi hakan, kuma malamin da ya fito daga can albashinsa na ƙasa da na Bature mai aiki iri ɗaya. Mata ba sa shiga. Sai a 1938 aka buɗe musu tasu a Rufisque, inda marubuciya Mariama Bâ ta yi karatu. Mafi muni ga Nijar, ƙofar ta yi ƙunci ƙwarai. Ƙasashen bakin teku, musamman Senegal da Dahomey, su suka cika azuzuwa, domin su ke da makarantun firamare da yawa. Ranar samun 'yancin kai, yaran Nijar da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Shi ya sa ofisoshinmu suka cika da ma'aikata 'yan Dahomey, har rikicin tsibirin Lete ya sa aka kore su a ƙarshen 1963. Makaranta mai kyau a sama ba ta yi wa ƙasar da ba ta da matakala a ƙasa amfani sosai ba.

A nan ne labarin ya taɓa Dakoro. Gunduma ce mai faɗi, kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara. Daga Kornaka da Sabon Mashi a kudu zuwa kwarin Tarka da hanyar Bermo da Gadabeji a arewa, ƙauyuka da rugage a warwatse suke. Firamare ta shiga ƙauyuka da yawa, amma kwaleji na manyan garuruwa ne. Yaron da ya gama firamare a ƙauye, ranar da aka ce ya wuce, ranar matsalarsa ke farawa. Dole a nema masa mai masauki a gari. In an dace da ɗan uwa mai haƙuri, to. In ba a dace ba, yaro ya zama ɗan aike da ɗiban ruwa, ya kwana a zaure, ya shiga aji da yunwa. Shekarar da damina ta gaza, uban ba shi da hatsin da zai aika wa mai masauki. Ɗan makiyayi kuwa, iyayensa sun bi dabbobi, babu ma wanda zai aiko.

Ga 'ya mace abin ya fi tsanani. Uwa da uba da yawa da ba su ƙi boko ba, abin da suka ƙi shi ne 'yarsu mai shekara 13 ta kwana a gidan da ba su yarda da shi ba. Sai a zaɓi aure. Alƙaluman UNICEF na nuna cewa kusan uku cikin huɗu na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi yawa. Gwamnatin Mohamed Bazoum ta ɗauki gina makarantun kwana na 'yan mata a matsayin babban shirinta, ta fara da Kelle a jihar Damagaram. Mulki ya canja, amma matsalar da shirin ya nufa ba ta da jam'iyya, tana nan inda take.

Masu adawa da makarantar kwana suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Tana da tsada: gini sau ɗaya ake yi, abinci kullum ne, kuma ɗakin kwanan da tukunyarsa ta mutu ya fi gidan mai masauki haɗari. Tana kuma iya raba yaro da harshensa da addininsa da sana'ar gidansu, kamar yadda aka zargi Ponty da yi. Amma amsar waɗannan tana cikin yadda za a tafiyar da ita. Ɗakin kwana a Dakoro ko Kornaka, inda uwa za ta leƙo ranar kasuwa, ba tsibirin Gore ba ne. Dattijuwa da gari ya yarda da ita ta kula da 'yan mata, malamin allo ya zo da yamma, iyaye su san abin da ya shiga rumbun makaranta da abin da ya fita. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, babu dalilin da zai sa yaro ya ajiye harshensa a bakin ƙofa.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga makarantun da ke tara 'yan ƙasashe da yawa. Jami'ar Musulunci ta Sayi da cibiyar AGRHYMET da makarantar jiragen sama ta EAMAC a Yamai duk suna karɓar ɗalibai daga maƙwabta. Idan ƙasashen AES suka so yin tasu babbar makarantar haɗin gwiwa, tarihin Ponty ya nuna cewa yaran da suka ci tuwo ɗaya sukan fahimci juna idan sun girma. Ya kuma nuna wanda ke cika irin wannan makaranta: yankin da ya riga ya gyara ƙananan matakai. Idan aka gina ta a yau, 'ya'yan Yamai da Bamako da Wagadugu za su cika ta, Dakoro ta zama abin da Nijar ta kasance a zamanin Gore.

Saboda haka, idan magajin gari ko wani jami'in ilimi ya zo da maganar tallafin karatu a ƙasar waje, mutanen Dakoro na da tambayar da za su fara yi masa: yaran ƙauye nawa suka shiga ajin farko na kwaleji bana, nawa suka rage zuwa ƙarshen shekara, kuma waɗanda suka bari, ina suke kwana kafin su bari?