Maganar Gwajin Magungunan Ciwon Daji Na Baki Da Maƙogwaro

Cikin cututtukan da suka daɗe suna gagarar likitoci akwai ciwon daji na harshe da baki da maƙogwaro, wanda galibi taba da giya ke haddasawa. Akan yanke shi, ko a ƙona shi da haske, amma in ya komo bayan haka, to, sai dai magani na jinkirtawa. Don haka likitoci suka shiga haɗa magunguna biyu ko uku, su raba majinyata kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, su ga wane kashi zai fi daɗewa.

A shekarar 2008 aka bayyana gwajin da aka yi a Turai kan mutum 442. Waɗanda aka ba tsofaffin magunguna biyu, rabinsu ba su wuce wata 7 da 'yan kwanaki ba. Waɗanda aka ƙara wa cetuximab kuwa, rabinsu sun kai wata 10. Mai lafiya ya ce wata uku ba kome ba ne, amma ba haka iyalin majinyaci ke lissafi ba.

A 2019 gwajin mutum 882 ya zo da pembrolizumab, maganin da ke kwance wa garkuwar jiki dabaibayi ta yaƙi cutar da kanta. Da aka haɗa shi da tsofaffin magungunan, lissafin ya kai wata 13. Abin da ya fi wannan, bayan shekara 5 wajen 16 cikin ɗari suna da rai, alhali a ɗaya kashin wajen 5 ne. Sai dai ba kowane haɗi ke cin nasara ba. An gwada nivolumab da ipilimumab tare, bai kai abin da aka nema ba.

Babbar matsala ita ce tsada, domin waɗannan allurai sun fi ƙarfin talaka nesa. A nan ne likitocin asibitin Tata da ke Mumbai, ƙasar Indiya, suka yi dabara. Suka ba majinyata ƙwayoyi uku masu araha, sa'an nan suka ƙara wa kashi ɗaya nivolumab miligiram 20 kacal kowane mako uku, alhali bisa ƙa'ida 240 ake bayarwa kowane mako biyu. A 2022 suka bayyana cewa masu cika shekara da rai sun tashi daga 16 zuwa 43 cikin ɗari. Mutum 151 ne kaɗai cikin gwajin, a asibiti guda, kuma ba a auna ƙaramin awon da cikakken awo kai tsaye ba, saboda haka wannan awo yana jiran wani gwajin.