Bindigar Aljihu Ba Ta Baƙo Ba Ce

Duk wanda ya saba zama a majalisun 'yan Arewa na Agege, ko Alaba Rago, ko Sabo ta Badun, ko zangon Shagamu, ya san akwai wata magana da ba a yin ta da ƙarfi, sai dare ya yi an idar da sallar isha'i an kewaye mai shayi. Maganar kuwa ita ce ta ƙaramar bindiga, irin wadda mutum zai jefa a aljihun riga ya shiga kasuwa ba wanda ya sani. Wani ya ce libarba ta fi, domin ba ta cijewa. Wani ya ce a'a, waccan mai faɗi ta fi kwanciya a aljihu. Samari kuma su ciro waya su nuna hotunan Amurkawa a Facebook da TikTok suna gwada yadda ake zaro ta kafin ƙiftawar ido. Galibin masu wannan taɗi ba 'yan fashi ba ne, ba kuma 'yan daba ba. Fatake ne, da dillalan shanu, da 'yan canji, da masu kawo tumatir da albasa Mile 12, mutanen da suka sha kwana a hanya da dukiya a jikinsu, wasunsu ma an taɓa kwantar da su a kan kwalta an tafi da jarinsu.

Saboda haka ba za a ce tsoronsu na banza ne ba. Wanda ya bi hanyar Lokoja zuwa Okene da Auchi da dare, ko ta Binin zuwa Ore, ba sai an yi masa bayani ba. Amma fa tambayar da suke ta yi wa juna, watau wace iri ce ta fi dacewa da aljihu, tambaya ce ta mutanen wata ƙasa. A Nijeriya doka ta rufe wannan ƙofa tun kafin a haifi yawancin masu yin maganar.

Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta girmi 'yancin kan ƙasar nan da shekara guda, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai bindigar toka da danginta, waɗanda ake ɗurawa ta baki. Lasinsu a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake. Akwai bindigogin farauta irin su mai baki biyu. Waɗannan sai da izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sa'an nan akwai kashi na uku da dokar ta kira haramtattun makamai, wanda ba mai ikon ba da lasinsa sai Shugaban Ƙasa da kansa, in ya ga dama. To, a cikin wannan kashi ne aka sa libarba da kowace irin ƙaramar bindigar hannu, a jeri ɗaya da igwa da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta. Mutane da yawa na zaton ƙanƙantar abu ita ke rage nauyinsa a gaban alƙali. Ashe akasin haka ne: doguwar bindigar da maharbi ke rataye da ita kowa na gani ta fi sauƙi a idon doka bisa ga 'yar mitsitsiyar da ake ɓoyewa.

Hukuncin kuma ba na wasa ba ne. Dokar soja mai lamba 5 ta 1984 kan fashi da makami, wadda aka yi zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari, har yau tana cikin dokokin Tarayya. Ta ce wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba, tarar Naira 20,000 ce, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko a haɗa masa duka biyun. Kada wani ya ji adadin tarar ya yi murmushi, don a yau bai kai kuɗin akuya ba. Zaɓin na alƙali ne, ba na wanda ake tuhuma ba. Har wa yau dokar ta ce wanda ya yi fashi ɗauke da makami, ko yana tare da mai makami, hukuncinsa kisa, wanda kuma ya ba shi bindigar don ya yi aikin, laifinsu ɗaya ko da yana gida yana barci sa'ad da aka yi. Alhajin da ya ajiye bindiga a shago, yaronsa ya ɗauka ya fita da ita da dare, shi ne zai tsaya yana rantsuwa cewa bai sani ba. Dattawan Ikko ba su manta da Bar Beach ba, inda aka ɗaure Ishola Oyenusi a jikin durom aka harbe shi ran 8 ga Satumba 1971, dubban mutane na kallo.

Wasu kan kawo hujja da tsarin mulki, su ce ai ya ba kowa damar kare kansa. Gaskiya ne sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi gwargwadon bukata don kare ransa ko dukiyarsa. Amma bai ba kowa lasin bindiga ba. Mutum na iya kuɓuta daga tuhumar kisa, ya faɗa ta mallakar makami. Ko gwamna ma bai iya buɗe wannan ƙofa ba. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce talakawa su nemi bindigogi su kare kansu daga 'yan bindigar daji, nan da nan Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Wanda duk ya zo wa ɗan kasuwa da wata takarda mai hatimi ya ce lasin bindigar aljihu ne, a ba shi kaza ya samo, to ɗan damfara ne, kuma takardar ita ce shaida ta biyu da za a ajiye a gaban alƙali bayan bindigar.

Su Amurkawan da ake kallo a waya, tafiyarsu daban ce. Tun 1791 suka rubuta 'yancin riƙe makami a tsarin mulkinsu. A 2022 Kotun Ƙolinsu ta soke wata ƙa'idar jihar New York da ke cewa sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a bar shi ya fita da bindiga, kuma fiye da rabin jihohinsu 50 ba sa ma neman takardar izini ga mai ɓoye ta a jiki. Can ne ake zama a yi ta gardamar wadda ta fi sauƙin ɗauka, da wadda ba ta nuna alama a wando. Amma masu nuna hotunan ba sa nuna ɗaya gefen lissafin. A shekarar 2021 kaɗai mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka juya ta suka harbe kansu. Tarihin bindigar aljihu ma ba abin alfahari ba ne. Da wata 'yar ƙarama mai cin harsashi ɗaya aka harbe Shugaba Abraham Lincoln a gidan wasan kwaikwayo a 1865. Da wata kuma ƙirar Beljiyam aka kashe yariman Ostiriya a birnin Sarayebo a 1914, abin da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Farko.

Bugu da ƙari, masu koyar da harbi a can su kansu suna faɗa cewa ƙaramar bindiga ta fi babba wuyar sarrafawa. Bakinta gajere ne, saiti da ita sai gwani. Ba ta da nauyi, saboda haka in ta tashi takan fizgi hannu. Harsashi biyar ko shida take ci. Suna kuma gargaɗi cewa ba a jefa ta tsirara a aljihu, sai cikin kube mai rufe kunamarta, kuma kada a haɗa ta da kome, ko makulli ɗaya. To, a dubi aljihun Bahaushe ɗan kasuwa. Ga goro, ga carbi, ga makullan shago, ga waya biyu, ga canji a dunƙule. Sau biyar a yini yana tsugunawa alwala, yana ruku'u yana sujada a tsakiyar sahu. In zafi ya yi ya tuɓe rigar ya rataye a ƙusa. Da dare kuwa ɗaki ɗaya ne mutum takwas ko goma, ko kuma gida ne na haya mai tsakar gida ɗaya da 'ya'yan maƙwabta na shiga suna fita. Ina za a ajiye ta? Kuma Ba'amurken nan yana da filin da yakan je ya yi ta gwaji da harsashi ɗari-ɗari, shi kuwa wannan bawan Allah ranar da zai fara harbi ita ce ranar da mutum shida suka tare hanya da AK-47. Wanda ya ciro 'yar bindiga a gaban waɗannan ya jawo wa kansa, ya jawo wa duk wanda ke cikin motar.

Ba a ma yi maganar irin wadda zai samu ba. Tun da yake ba kanti ake zuwa a saya ba, abin da ke yawo a hannun dillalan ɓoye iri biyu ne. Ko dai ƙirar gida ce da aka yi da guntun bututu, wadda kan fashe a hannun mai ita, ko kuwa ta waje ce wadda ta riga ta yi aiki a wani wuri. Mai saye bai san jinin wa ke kanta ba, amma in an kama shi da ita, shi za a tambaya. Mai sayarwa kuma ya san sunansa, ya san shagonsa, ya san yana da abin da yake tsoron a ƙwace, ya kuma san ba zai iya kai ƙara ba. Ba abin mamaki ba ne wanda ya sayar da bindigar da safe ya sayar da labarin da yamma.

Duk wannan ya shafi kowane ɗan Nijeriya. Amma akwai abin da ya keɓanci ɗan Arewa mazaunin Kudu, kuma shi ne ya fi kome nauyi. A watan Maris na 2025 wasu mafarauta 'yan jihar Kano sun taso daga Fatakwal za su gida bikin ƙaramar salla. Da suka iso Uromi a jihar Edo 'yan sintiri suka tsayar da motarsu, suka ga bindigogin toka, aka yi ihu wai masu garkuwa da mutane ne. Kafin a ce kwabo taron jama'a ya kashe mutum 16, aka ƙone wasu. Ba abin da zai wanke wannan ta'asa, kuma alhakin jinin yana wuyan waɗanda suka zubar da shi. Shugaban Ƙasa ya yi tir, Gwamna Monday Okpebholo ya tafi Kano ta'aziyya. Amma a lura da abu ɗaya. Bindigogin nan na farauta ne, mafi sauƙi a dukan kason doka, ba a aljihu aka ɓoye su ba, duk da haka ba wanda ya tsaya ya saurari bayani. Yaya ke nan in libarba aka zaro daga aljihun kaftanin mai sayar da shanu a tashar mota? Wa zai yarda cewa don tsaron kansa ne?

Kuma abin ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. Waɗanda suka ga rikicin Shagamu na Yuli 1999, da na Idi-Araba na Fabrairu 2002, da na Mile 12 na Maris 2016, da na kasuwar Shasha a Badun na Fabrairu 2021, sun san yadda saɓani tsakanin mutum biyu kan zama na ƙabila biyu kafin rana ta faɗi. A irin wannan rana harsashi ɗaya da ya fita daga ɓangaren baƙi ya isa a ce duk zangon a shirye yake, a bi mai shayi da mai gyaran takalmi da mai turin ruwa waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mai bindigar kuwa mai yiwuwa ya riga ya hau mota.

Faɗar wannan ba wanke hukuma ba ne. Da 'yan sanda na tsare hanya kamar yadda suke tsare direbobi a shinge, da ba wanda zai zauna yana auna aljihunsa. Jama'a ba su manta ba cewa sa'ad da Lawrence Anini ya addabi Binin a 1986, babban jami'in 'yan sanda ne, George Iyamu, kotu ta samu da laifin taimaka wa ƙungiyarsa, aka harbe su a 1987. Gwamnatin da ta hana talaka makami ta ɗauki alkawarin tsare shi, kuma ya kamata a riƙa tuna mata da babbar murya. An kafa cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro tun 2021. Aikinta ya kamata a gani a kan masu shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa da kan iyaka, ba a kan ƙananan 'yan kamasho kaɗai ba.

A nasu ɓangaren, Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa suna da aikin da ba sai sun jira Abuja ba. Abin da ke jawo ɗan fashi kuɗi ne a jiki, kuma a yau babu dalilin da zai sa mutum ya sayar da tirelar shanu ya ɗaura kuɗin a ƙugu alhali ga banki a wayarsa. Ƙungiyoyin direbobi da na fatake su tsayar da ƙa'ida kan tafiyar dare a hanyoyin da aka sani, motoci su riƙa tashi a ayari. Waɗanda kuma suka riga suka sayi irin wannan bindiga, kada a bar su su jefa ta rijiya ko su sayar wa wani. Shugabanni su nemi lauya, su zauna da Kwamishinan 'Yan Sanda na jiharsu, a samu yarjejeniya a rubuce kan yadda za a miƙa ta. Mafarauta masu lasin bindigar toka da za su ratsa jihohi su tafi da takardunsu a hannu, da wasiƙar ƙungiyarsu, su kuma sanar da ofishin 'yan sanda na garin da suka taso lambar motar da hanyar da za su bi tun kafin su ɗora kaya.